Mataccen Agogo Ma Dukiya Ne

 A wannan mako na ari wannan gefe na allonmu don in kawo wata shawara, kuma ina roƙon duk wanda ya fara karantawa ya daure ya kai ƙarshe kafin ya yanke hukunci.

A hutun da ya wuce na tarar da ƙanena a zaure yana ɗura tarkace cikin buhu. Akwai tsohuwar sarƙar babur, kwado da mabuɗinsa ya ɓata, guntayen waya, notuna masu tsatsa, da wani agogon hannu na kakanmu wanda ya daina aiki tun kafin a haife ni. Zai kai wa 'yan gwangwan ne su ɗora a sikeli su ba shi kuɗin awara. Na roƙe shi ya bar mini agogon, na ɓalle bayansa da bakin wuƙa. Abin da na gani a ciki ya ba ni mamaki: 'yan ƙananan faya-fayai masu haƙora, wasu ruwan zinariya wasu fari, da wani siririn sifirin a naɗe kamar gashi, kowanne zaune a gurbinsa. Yayata da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ta leƙo, ta yi dariya, ta ɗauko wayarta ta nuna mini hoton 'yan kunne da aka yi da irin waɗannan faya-fayan. Kuɗin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton, da muka juya su zuwa naira, sun ninka abin da ƙanena zai samu a buhunsa sau da yawa. Tun ranar nake tambayar kaina, me ya sa mu muke sayar da ƙarfe da kilo, wasu kuma suke sayar da shi da basira?

Irin wannan ado yana da suna a ƙasashen Turai da Amurka. Suna ce masa steampunk, mu kuma za mu iya kiransa adon zamanin tururi. Wani marubucin Amurka mai suna K. W. Jeter ne ya ƙirƙiro kalmar a 1987, yana nufin labaran ƙirƙira da ake ginawa a kan zamanin da tururi ke tuƙa jiragen ƙasa da injinan masana'antu, wato zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Daga littattafai abin ya tsallaka zuwa tufafi da kayan ado. Sai mutane suka fara haɗa sarƙar wuya, zobe, awarwaro, maɓallin riga da maƙalin mabuɗi daga kayan cikin tsofaffin agogo, tagulla, jan ƙarfe da fata. Da yawansu a ɗakunansu suke aikin, su ɗauki hoto, su sa a kasuwannin intanet irin su Etsy, wadda aka kafa a Amurka a 2005 domin masu sana'ar hannu, ko a Instagram da Facebook.

Ra'ayina shi ne, makarantarmu ta buɗe ƙungiyar sana'ar hannu wadda za ta koya mana mayar da tarkace kayan ado, ta kuma koya mana sayar da su ta waya a ƙarƙashin kulawar malami. Ga dalilaina.

Dalili na farko, wannan aiki namu ne tun asali, sunan ne kawai baƙo. Wanda ya taɓa zaga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya ga tukunyar da aka zuba daga narkakkun gwangwanaye, ya ga guga da aka ɗinka da tsohon tif na mota, ya ga takalmin taya, ya ga fitilar aci-balbal da aka yi da gwangwanin madara. Mu kanmu muna yara mun ƙera motar kara da motar gwangwani ba tare da wani ya koya mana ba. A ƙasar Hausa akwai maƙeran baƙi masu yin fartanya da gatari da lauje, akwai maƙeran fari masu yin zobe da munduwa da 'yan kunne daga azurfa da tagulla. Akwai majema da dukawa, waɗanda jar fatar akuyar Sakkwato da suke sarrafawa ta riƙa ƙetare Sahara har ta isa Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko saboda ta can take bi. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har yau tana sayar da irin waɗannan kaya. A Bida ta ƙasar Nufe, masu sana'ar gilashi na unguwar Masaga suna narka tsofaffin kwalabe su yi duwatsun wuya da awarwaro. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar kuwa, maƙeran Buzaye suna yin abin wuyan azurfa da ya yi suna a duniya, har baƙi ke saye su tafi da shi ƙasashensu.

Ko zamanin tururin ma muna da namu. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda a 1929, kuma a nan ya tsaya. Jiragen da ke cin gawayi suna fitar da tururi su ne suka riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu daga wannan yanki zuwa bakin teku. Kakanninmu sun ji kukan jirgin da kunnuwansu. Saboda haka ɗan Zamfara ta arewa da ya haɗa tagulla da fata da haƙoran agogo yana da labarin gidansu da zai rataya wa kayansa. Wannan shi ya sa nake cewa kada mu tsaya kwafar hotunan Turawa. Kayan aro ba ya rufe katara. Mu sa dagin Arewa, mu sa jar fata, mu sa zanen da ake yi a jikin ƙwarya da bangon soro. Mai saye a Abuja ko Legas zai iya samun kwafin kayan Turai a ko'ina, amma abin da ke ɗauke da hannun Shinkafi sai a wurinmu.

Dalili na biyu, tarkace ya riga ya ɗaga mutanen Afirka zuwa inda ba a zata ba. El Anatsui, mutumin Gana da ya koyar a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka tun daga 1975, yana ɗinke marufan kwalabe da wayar jan ƙarfe ya yi manyan zannuwa masu ƙyalli da ake ratayewa a manyan gidajen tarihi na duniya, kuma a 2015 aka ba shi babbar lambar yabo a bikin fasaha na birnin Benis na Italiya. Cyrus Kabiru na Kenya ya yi suna da tabarau da yake ƙerawa daga tarkacen titunan Nairobi. Ba na cewa dukkanmu za mu kai can. Abin da nake cewa shi ne, abin da suka fara da shi yana nan zube a bayan gidajenmu da gindin rumfar kowane bakanike.

Dalili na uku, aikin yana shiga cikin karatunmu kai tsaye. Tun 2011 manhajar babbar sakandare ta ƙasa ta tanadi cewa kowane ɗalibi ya ɗauki darasin sana'a guda, amma mu faɗi gaskiya, sau da yawa a allo da littafi abin yake ƙarewa. Wanda ya buɗe agogo ya ga yadda babban faifai ke juya ƙarami ya fahimci darasin fasaha fiye da wanda ya haddace zanensa. Wanda ya goge tagulla da lemun tsami da gishiri ya ga baƙin ya tafi ya ga aikin sinadari da idonsa. Wanda ya zauna ya fitar da farashi ya yi lissafi na gaske. A ɗauka, misali, an kashe ₦300 a kan maƙalin kunne da zare da gam, an ware ₦200 na data da takardar naɗi, an sa ₦500 ladan aikin hannu. Idan aka sayar a ₦1,000 an mayar da kuɗi da ladan wahala kawai, ribar ƙungiya sai abin da ya haura haka. Ɗalibin da ya saba da irin wannan lissafi ba zai buɗe shago gobe ya cinye jarinsa yana zaton riba yake ci ba. Rubuta bayanin kaya cikin Hausa da Turanci mai kyau kuwa aikin darasin harshe ne.

Na san akwai masu ja, kuma na tattauna da wasunsu a aji. Ga abin da suka ce da amsar da nake da ita.

Wasu sun ce wannan aikin 'yan jari-bola ne, ɗan makaranta bai kamata a gan shi yana tsintar ƙarfe ba. Ni a ganina abin kunya shi ne mutum ya gama sakandare yana zaune a dakali yana jiran wanda zai saya masa kati. Kowa ya san yadda aikin gwamnati ya yi wuya, kuma da yawa daga iyayenmu ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa saboda halin tsaro. Wasu abokan karatunmu ma daga ƙauyukan da aka tasa suka dawo cikin gari. A irin wannan hali, sana'ar da za a yi a kan tabarma cikin gida, da jari kaɗan, ba tare da an shiga daji ba, abin a riƙe ne da hannu biyu. Kuma ba sai mun bi juji ba. Mai gyaran agogo yana da gwangwani cike da matattun agogo, bakanike yana da tsofaffin boris da fulogi, tela yana da karyayyun kayan keke, baduku yana da guntayen fata da yake zubarwa. Da sallama da ladabi da 'yan kuɗi kaɗan za a samu.

Wasu sun ce zai cinye lokacin karatu, ga jarrabawar WAEC da NECO a gaba. Wannan magana ce mai nauyi. Shi ya sa nake ba da shawarar yamma ɗaya tak a mako, a kuma ɗauke wa 'yan ajin ƙarshe idan jarrabawa ta gabato. Duk wanda makinsa ya faɗi a dakatar da shi har sai ya gyara. Mu duba kuma sa'o'i nawa muke ɓatarwa a mako wajen musun ƙwallo da kallon bidiyo.

Wasu sun ce ai dokar makaranta ta hana ɗalibi riƙe waya, kuma intanet cike yake da mayaudara. Na yarda, kuma ba na neman a karya dokar. Waya guda ce za ta yi aikin, tana hannun malamin da aka ɗora wa ƙungiyar. Shafin da za a buɗe da sunan ƙungiya za a buɗe shi. Hoton kaya kawai za a sa, ban da fuskar kowane ɗalibi, ban da lambar kowa, musamman 'yan uwanmu mata. Kuɗi su shiga asusun da malami da ma'ajin ƙungiya ke lura da shi, a rubuta kowane ciniki a littafi. Kada a saki kaya don an ga saƙon shigar kuɗi a waya, domin akwai alat na bogi. Sai an buɗe asusu an ga kuɗin sun zauna. Koyon waɗannan dabaru a gaban malami ya fi a bar mu mu koye su bayan an damfare mu.

Akwai wanda ya tuna mini abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara tsawon makonni saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako. Ya ce, wanda ya dogara da intanet a nan ya gina ɗaki a kan rairayi. Gaskiya ne sabis ɗinmu ba abin dogaro ba ne, kuma hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura zuwa Gusau ba kullum take da daɗin bi ba. Amma ku lura, a wancan lokaci har kasuwar ƙasa aka rufe. Darasin da na ɗauka shi ne kada mai sana'a ya tsaya da ƙafa ɗaya. Mu fara da na kusa: malamai, iyaye, 'yan uwa, masu shirin biki da ke neman abin rabo, ranar taron iyaye da malamai, ranar ba da kyaututtuka. Daga nan a sa a sitatus na WhatsApp, 'yan uwa da ke Gusau da Sakkwato da Kano da Kaduna su gani su yaɗa. Kayan ado suna da wata fa'ida da tumatir ba shi da ita: ba sa ruɓewa idan an jira, kuma guda 20 za su shiga ambulan ɗaya a ba direba a tasha. Idan sabis ya ɗauke, sai a ci gaba da ƙira a tara, ranar da ya dawo a baje.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ina roƙon malaman kimiyya su taya ni jaddada ta. Wasu tarkacen guba ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jiharmu, saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Ɗan Zamfara bai kamata a yi masa dogon bayani a kan dalma ba. Tana cikin batirin mota da na babur, tana cikin irin dalmar da masu gyaran rediyo ke liƙa waya da ita. Saboda haka dokar ƙungiya ta farko ita ce, ba a fasa batir, ba a narka komai, ba a ƙona waya don a ciro jan ƙarfe, domin hayaƙin robar yana cutar da huhu. A fere robar da wuƙa a hankali. Duk abin da aka samo a wanke shi da ruwa da sabulu, a goge tsatsa, a bi bakinsa da magagari har sai ya daina yanka. Ƙugiyar da za ta shiga hujin kunne kuwa sabuwa za a saya, kada a yi ta da tsohuwar waya. A wanke hannu kafin a ci abinci, a kuma nisanta ƙananan kaya daga jarirai masu kai komai baki. Ƙarfen da ba a san ko mene ne ba, musamman wanda aka tsinta a daji ko wanda ya yi kama da harsashi, kada a taɓa shi, a sanar da manya.

Doka ta biyu, ba kayan sata. Mun sha jin yadda ake kwance wayar lantarki, ƙarafan layin dogo da tagogin makarantu a kai wa masu sikeli. Wanda ya ciro notin kujerar ajinmu don ya yi zobe ɓarawo ne, ko da zoben ya yi kyau. Kowane abu da ya shigo ƙungiya a rubuta inda aka samo shi da wanda ya bayar.

Doka ta uku, gaskiya a ciniki. Tagulla idan ta sha guga tana ƙyalli kamar zinariya, kuma hoto yana iya ƙara wa abu girma. A rubuta ƙarara cewa tagulla ce, an yi ta daga tsohon agogo, tana iya dusashewa, ga yadda ake goge ta. A ɗauki hoton da safe a inuwa mai haske, a kan farar takarda, a ajiye rula a gefe don mai saye ya san girman abin. Addininmu ya hana ɓoye aibin kaya, kasuwa ma ta hana, domin wanda aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa, kuma zai gaya wa mutum goma. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da muke buƙata don farawa bai taka kara ya karya ba: filaya biyu ko uku, ƙananan sukudireba, magagari, almakashi, gam mai ƙarfi, zare, allurar dukawa, da akwati mai kwado. Abin da ya fi kayan aiki daraja shi ne malami na gaske. Ina roƙon shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su gayyato maƙerin fari guda da baduku guda daga cikin gari, ko sau ɗaya a wata, a ba su ɗan abin goro su nuna mana yadda ake lanƙwasa waya, yadda ake huda fata, yadda ake ɗaure ƙulli da ba ya kwancewa. Da tsohuwar zuma ake magani. Yawancin waɗannan dattawa 'ya'yansu sun koma acaba da cajin waya, kuma kayan roba masu araha daga waje sun kashe musu kasuwa. Idan ba mu karɓa daga hannunsu ba, sana'ar za ta bi su kabari. Su suna da hannu, mu muna da boko da sanin waya. Idan aka haɗa biyun kowa zai amfana.

Ba na yi wa kowa alkawarin zai yi kuɗi a zango ɗaya. Na farkon da za mu yi zai fito a karkace, wani ma ba mai saye. Ni kaina maƙalin mabuɗin da na haɗa da faya-fayan agogon kakanmu da guntun jar fata sau uku yana wargajewa kafin ya zauna. Da na kai wa kakarmu, ta juya shi a tafin hannunta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe agogon Malam bai mutu ba." Ta ɗaura mabuɗin akwatinta a jiki, har yau yana nan. Wannan ban sayar ba, amma maƙwabciyarmu da ta gani ta ba ni nata mataccen agogon ta ce in yi mata irinsa, ta kuma biya.

Saboda haka ga roƙona. Malamanmu, muna neman mutum ɗaya daga cikinku da zai karɓi riƙon wannan ƙungiya. 'Yan uwana ɗalibai, maza da mata, duk mai sha'awa ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da za mu liƙa a ƙarƙashin wannan rubutu. Kafin mako mai zuwa kowa ya duba gida, da izinin iyaye, ya zo da abu ɗaya da aka fid da rai da shi, ko mataccen agogo, ko tsohon mabuɗi, ko guntun fata. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, allon nan namu ne duka, ya rubuto martani mu liƙa a gefen nawa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani da sana'a mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a Shinkafi da Zurmi da Ƙaura da Zamfara baki ɗaya. Amin.

Daga wani ɗan aji biyu na babbar sakandare, memba a ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta.